Barewar 'Yan Lakwal

Duk shekara sai an turo mini 'yan sitaj, samari da 'yan mata masu takarda, wai su koyi aikin gidan dabbobi. Ranar farko kowa hannunsa na ƙaiƙayi. Wannan yana so a ɗauke shi hoto da jimina, waccan tana so aku ya faɗi sunanta. Bana wani dogo a cikinsu ya gan ni zaune gindin darbejiya ina kallon kunkuru yana cin ganye, sai ya ce wa abokinsa, yana zaton kunnena ya mutu, “Wannan ai ba aiki ba ne, hutu ne da albashi.” Na ji shi sarai. Na dai miƙa masa rato, abin jan shara, na nuna masa ɗakin kura. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin aikin nan tun ƙafata tana iya kawo ni.

Da farko ku san inda kuke. Gidan nan na bakin hanyar Mirriya ba a gina shi don a kamo namun daji a kulle ba. Duk mai numfashin da kuka gani a ciki daga gidan mutum ya fito. Kunkurun da kuke wa dariya, ku duba gefen ƙoƙon bayansa za ku ga huda. Nan aka ɗaura masa sarƙa shekara da shekaru a wani gida cikin Birni, wai ajiye shi na kawo tsawon rai. Akun kuwa wani nasara ne ya bar wa mai dafa masa abinci da zai koma ƙasarsu. Ya zo mana ya fige ƙirjinsa tas don kaɗaici, kuma ba abin da ya iya sai tarin nasaran. Wasu dabbobin 'yan gandun daji ke ƙwato su, wasu masu su ke kawowa da kansu in sun gaji. Irin wannan dabba ba ta komawa daji. Ba ta san abin tsoro ba. In ka sake ta, wurin mutum na farko da ta hango za ta nufa, shi kuma ya gode wa Allah ya kai ta tukunya. Tunda ba za ta koma ba, sai a ba ta aiki, kuma aikin shi ne ta tsaya yara su gan ta, su san abin da ƙasarsu ta taɓa ɗauka.

Ni ɗan majema ne. Na san fata ciki da baya, amma ban san abin da ke cikinta da rai ba sai da na zo nan, ina da aure da 'ya ɗaya. Wanda ya koya mini Baba Ari ne, tsohon maharbi daga wajen Dakusa da ya rataye baka ya karɓi tsintsiya. Gajere ne, maganarsa ta fi shi gajarta. Wata uku bai bar ni na taɓa dabba ko ɗaya ba. Da safe sai ya kai ni cikin shinge ya nuna ƙasa da sandarsa.

“Habu, me ka gani?”

“Kashi, Baba.”

“Na san kashi ne, ai ba dabino na aike ka tsinta ba. Na wa? Na yaushe? Me ta ci jiya?”

Haka na koyi karatu na biyu a rayuwata. Dabbar daji ba ta nuna ciwo, don a daji mai nuna ciwo shi ake fara ci. Tana iya tsayawa gabanka kyakkyawa alhali ta yi kwana biyu tana mutuwa. Abin da ta bari a ƙasa shi kaɗai ba ya ɓoye komai. Kashin barewa mai lafiya ƙwaya-ƙwaya ne, baƙi, busasshe, yana gangarawa in ka taɓa shi da ƙafa. Ranar da ya manne da juna, ranar ba ka da hutu. Har yau kafin in gaida kowa da safe ƙasa nake fara dubawa, matata ma ta ce haka nake shiga gida.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu na alfahari a ciki. Rato, tsintsiyar kaba, buruwet, wato baro, da ke kuka tun daga ƙofa, bido biyu, jarkokin ruwa, kwalba mai dogon wuya, jar kanwa ƙulle a tsumma, da man gyaɗa. Kwalbar ta ɗura magani ce. Ta gefen baki ake sa ta, a hankali, yatsanka na kan maƙogwaro kana jin haɗiya. In ka yi gaggawa ka zuba a huhu, ka kashe dabba da hannunka kana cewa magani kake ba ta. Na ga wani mai takarda ya yi wa ɗan biri haka, kuma bai sake zuwa ba.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai mutanen ƙauye ranar kasuwa, su tsaya nesa da kura suna karanta addu'a. Akwai wanda ya kawo dabbarsa ya kasa haƙura, duk Jumma'a sai ya leƙo da abin da ya saba ba ta a aljihu, ka yi ta fama da shi. Akwai kuma masu neman magani. Wata rana wani mai babbar riga ya ja Baba Ari gefe yana rage murya, wai gashin jelar kura yake so, ƙwaya uku kacal. Baba ya ɗauko makulli ya miƙa masa ya ce, “Ga ta can, Alhaji, mu ba ma hanawa. Shiga ka tsinko.” Mutumin ya ce ya tuna yana da baƙi a gida. Amma ainihin waɗanda muke wa aiki 'yan lakwal ne, yaran makaranta, kuma su abin da ke kawo su Mairam ce.

Mairam barewa ce. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsinto ta a hanyar arewa tana 'yar kwana kaɗan, ya kai wa maigidansa, wani ɗan kasuwa a Zango. Akuya ta shayar da ita. An sa mata jar fata a wuya da 'yar ƙararrawa, an raɗa mata sunan 'ya'yan sarauta, ana ba ta sukari da goro a tafin hannu. Da ƙahonta ya fito ta tunkuyi ƙaramar 'yar gidan a goshi, shi ke nan aka ɗauko ta a bayan mota aka sauke mana. Ita ce dabba ta farko da Baba Ari ya damƙa mini. Kofatonta ya yi tsawo ya lanƙwashe don ba ta taɓa taka tsakuwa ba, sai da na yi mako ina rage shi kaɗan-kaɗan. Raba ta da sukari ya fi wuya. Ta yi fushi da ni kwana goma, in na kawo harawa ta juya mini baya. Daga baya ta haƙura ta koyi cin 'ya'yan gawo da ganyen magarya. Abu ɗaya ne ban iya cire mata ba: duk hannun da aka miƙa, a wurinta nata ne, kuma abin da ke ciki na ci ne.

Wannan halin shi ya sa ta fi kowace dabba amfani. Nakan zaunar da yara a ƙasa, in ce kowa ya ɓoye hannunsa a cinya, kada a yi tari, kada a yi dariya. Sai in buɗe mata. Takan fito tana kaɗa 'yar baƙar jelarta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshina kawunansu. Wanda ya fi kowa natsuwa shi nake ba ɗan gawo guda ya miƙa mata a shimfiɗaɗɗen tafi. Na tuna wata yarinya 'yar aji uku da ta shafa wuyanta da yatsa biyu, ta juya ta ce wa malamarsu, “Madam, ashe ba akuya ba ce!” Madam ɗin ta yi dariya, amma da yaran suka yi gaba ta dawo ta ce mini ita ma yau ta fara ganin barewa da rai. Baba Ari kan tsaya baya ya gaya musu inda ya taɓa ganin bareyi garke-garke, tafiyar yini ɗaya daga inda suke zaune. Yaran kan kalle shi kamar mai ba da tatsuniya. Yaron da ya taɓa wuyan Mairam ba ya jifan tsuntsu a hanyarsa ta komawa gida, wannan malamansu ne suka gaya mini, ba ni na ƙaga ba.

Sai wani babban fari ya zo. Damina ta yi yayyafi biyu ta ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin rani ya raba, dusar da muke ba dabbobi ta zama abincin mutane, harawa kuma ko ka je da kuɗi ba ka ganin ta. Ruwa a Damagaram dama ba sabon kuka ba ne, amma shekarar nan pompo kan yi kwana uku bai ɗiga ba, sai mu bi 'yan garuwa da roƙo. A lokacin ne kuma aka yi ta kawo mana dabbobi, don gidan da ya rage tuwon yara ba ya riƙe gauraka. Mai jin daɗi guda ce a gidan nan, kura. Shanu na faɗuwa ko'ina a bakin gari, ta yi ƙiba har tafiya na ba ta wuya. Mun rasa barewa biyu da aka kawo a rame, tun ba su saba da mu ba. Mairam kaɗai ta rage, kuma 'yan gandun daji sun ce ko a daji sun daina ganin sawu. Daga nan abin da ke gabana ya zama guda: in kai Mairam damina da ranta.

Nakan fita daga unguwarmu, Kara-Kara, bayan sallar asuba a kan keke, da buhu da doguwar gora, in nufi wajen Mirriya inda gawo ke da yawa. Gawo itace ne mai kirki, yana ganye lokacin da kowa ya zubar. Amma ba ni kaɗai na san haka ba. Kowace bishiya da makiyayi a ƙarƙashinta, wani lokaci uku, kowa na kaɗa wa 'yan awakinsa da suka rage. Sai ka yi sallama, ka yi jaje, ka jira. In na ce barewa nake ciyarwa, wasu su yi dariya, wasu su ɗauke kai. Wani dattijo ya taɓa juye mini rabin abin da ya tara. Abin da na samo shi nake raba mata kashi biyu, safe da yamma. Ta rame, haƙarƙarinta ya fito, amma kashinta na nan ƙwaya-ƙwaya, tana tuƙa, kuma ko a wannan hali malamai ba su daina kawo yara ba. Da watan shuka ya kama na fara cewa a raina mun tsira.

Watan shuka ya kama, sama ba ta ce komai ba. Hadari ya taso da yamma, iska ta watsa shi. A bayan shingenmu, can gefen hanya, mutanen da fari ya koro daga ƙauyuka sun kafa bukkoki na tabarma da kwali, yawanci mata da tsofaffi, mazan sun yi kudu neman abinci. Jar dawa ta taimako ake raba musu, ita ma ba kullum ba. Muna gaisawa ta cikin waya. In pompo ya kawo mukan cika musu tulu.

Aka sa ranar roƙon ruwa, wata Jumma'a. Maza suka fita filin idi da tsofaffin riguna, mata kuma suka yi abin da mata ke yi, suka daka gumba don sadaka. To a wa'azin kwanakin an yi ta tuna wa mutane cewa dabbobi marasa baki ba su da zunubi, albarkacinsu ake shayar da mu. Maganar gaskiya ce, amma ta shiga kunnen matan bukkoki ta wata hanya. Su dabbobinsu duk sun mutu. Marar bakin da ta rage kusa da su ita ce wadda suke gani kullum ta cikin waya.

Ranar Baba Ari ya tafi Dakusa gaisuwar mutuwa. Kafin ya hau mota ya ce mini abin da yake cewa kullum, kada kowa ya ba kowa komai. Da hantsi ina shara sai ga wata tsohuwa a ƙofa, Iya Gaji, wadda na sha cika wa tulu. Ta durƙusa, ta kwance gefen zanenta. Gumba ce, ba ta fi cikin tafi ba, fara, ta gero.

“Ɗana, sadaka na kawo wa 'yar barewar nan.”

“Iya, ba a ba ta. Doka ce.”

“Dokar wa? Ni ba wasa na zo yi da ita ba. Irin shukata ne, shi na taho da shi daga gida ban taɓa ba ko da jikokina ke kuka. Na ɗebi rabi na daka. In Allah ya ba da ruwa, rabin ya ishe ni.”

“Iya, ki ba yara, ladan ɗaya ne.”

“Yara sun sha sadaka yau, ko'ina ana ba su. Ita wa ya tuna da ita? Ɗana, kai Musulmi ne. Sadaka ake mayarwa?”

Ku da kuke ganin aikin nan hutu ne, ku gaya mini abin da za ku ce mata. A garin nan ba a tashe mu da mayar da hannun tsohuwa ba, balle wadda ta daka irin shukarta. Kunya ta kama ni. Na ce a raina tafi ɗaya ba ya kashe barewa, kuma gaskiya ne, ba ya kashewa. Na buɗe. Mairam ta zo da gudu ta lashe hannun tsohuwar tas. Iya Gaji ta shafa kanta tana addu'a, hawaye na bin fuskarta.

Da na juyo, akwai mata biyar a ƙofa. Bayansu wasu na tafe. Kowace da ɗan abin da ta ƙulle, wata gumba, wata jiƙaƙƙen tsakin jar dawa. Na karɓi na ɗaya, da wane baki zan ƙi na biyu? In ce sadakar Iya ta fi tata? Na ce to kowa kaɗan-kaɗan. Babu wadda ta kawo da yawa, ai ba su da shi. Na daina ƙirga su wajen ta goma sha wani abu. Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa gaya wa Baba Ari ba: na ji daɗi. Wata huɗu ina kallon dabbar nan tana lashe ƙasan ƙwarya, yau ga ta tana ci har tana ture hannu. Da suka watse ta nufi kwatarniya, na bar ta ta sha ruwa iya son ranta. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma na san shi tun kafin ranar. Hatsi a tumbin da ya saba da ganye, a bi shi da ruwa, tsami yake yi ya kumbura.

Washegari ba ta tarye ni a ƙofa ba. Tana tsaye a kusurwa, kai a ƙasa, tana cizon haƙora. Kwiɓinta na hagu ya tashi, in ka buga da yatsa yana amsawa. A ƙasa babu ƙwaya ko ɗaya, sai ruwa-ruwa mai warin tsami. Motar farko ta kawo Baba Ari. Bai dubi barewar ba, ƙasa ya duba, ya durƙusa ya shinshina.

“Wa ya ba ta hatsi?”

“Ni na bari, Baba. Matan can suka kawo sadaka.”

“Ta sha ruwa bayansa?”

“Ta sha.”

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce in jiƙa kanwa.

Mun yi duk abin da aka sani. Na ɗura mata ruwan kanwa da kwalba don ya kashe tsamin, na bi da man gyaɗa. Baba ya gitta mata ɗan kara a baki ya ɗaure ta bayan ƙaho, don ta yi ta tauna ko gyatsa ta zo. Muka tsayar da ita a kan tudu, gaba sama, ina murza kwiɓin daga ƙasa zuwa sama har hannuna ya mutu. Na zaga da ita cikin shinge tana tangaɗi. Ta yi gyatsa sau biyu, na ce alhamdu lillahi. Na hau keke na je neman likitan dabbobi, aka ce yana daji wurin garken da ke mutuwa, sai bayan kwana uku. Na biya biro, ofishinmu, dirakte ya ce mu yi abin da muka ga ya dace. Kafin in dawo ta kwanta. Na ɗaga ta, ta sake zubewa. Kunnenta ya yi sanyi, idon ya faɗa.

Bayan azahar Baba Ari ya kira ni inuwa.

“Habu, ka san abin da ya rage.”

“Baba, a ƙara mata kanwa. Ta yi gyatsa ɗazu.”

“Na ji gyatsar. Iska ta fita, dafin ya riga ya shiga jini. Na ga wannan a tumaki ya fi a ƙirga.” Ya nuna bukkokin da haɓa. “In ta mutu da kanta ta zama mushe, sai kura, kuma kura ba ta jin yunwa. Waɗancan suna kallo za mu ja nama mu jefa mata. A shekara irin wannan ba zan ɗauki wannan alhakin ba. Na ba ka zuwa la'asar.”

Na zauna kusa da ita na ɗora kanta a cinyata, ina ɗiga mata ruwan kanwa tana barin shi yana zuba ta gefen baki. Ina jiran ta motsa kunne, ko ta yi yunƙurin tuƙa, kowace alama da zan kai wa Baba. In na jinkirta ko da akwai sauran rai da za a ceto, in kuma na wuce lokaci na yi asara biyu. Ban taɓa jin tsoron kiran salla ba sai ranar. Da aka kira la'asar numfashinta ya koma sama-sama, ƙafar baya ta fara miƙewa. Baba ya zo da wuƙa. Na matsa in ba shi wuri, sai ya miƙo mini ita ta ƙota.

“Ba horo nake maka ba,” in ji shi. “Hannunka ta sani. In ni na kama ta za ta firgita.”

Na juya ta gabas. Ta sa hanci a tafina tana neman abin da na kawo mata. Na yi bisimilla.

Ni na feɗe ta, ai aikin gidanmu ne. Da muka buɗe tumbin, Baba ya sa na duba da kyau, ya ce in riƙe wannan a idona. Cike yake da hatsi ya kumbura ya yi kumfa, fari da ja a gauraye, bangon tumbin yana saɓulewa in ka taɓa. Ko likita ya zo ba abin da zai yi. Wannan bai rage mini komai ba, baƙin cikin da na ji ranar ban ƙara jin irinsa a kan dabba ba. Tun daga lokacin babu hannun baƙo da ya ƙara kai abinci bakin wata dabba a gidan nan sai abin da ni na ba shi, ko wane ne, ko da me ya zo. An kira ni marar kunya, an kira ni marar imani, wata hajiya ta ce za ta kai ƙarata. In an kawo sadakar hatsi ina karɓa da hannu biyu in yi godiya, in zuba wa gauraka da zabi a gaban mai ita, su cikinsu na ɗauka. Da na san wannan dabara da hantsin Jumma'ar nan, da 'yan lakwal sun ƙara shekaru suna ganin barewa. Sai da aka yi shekara shida kafin a sake kawo mana wata.

Naman barewa ba shi da yawa, balle ramammiya. Ni da Baba babu wanda ya iya kai ko tsoka gida. Muka yanka shi ƙanana, na zuba a daro na rufe da ganye, na zaga bayan shinge kafin magariba. Na bi bukkokin ɗaya-ɗaya ina ajiye wa kowace uku ko huɗu. Ba wanda ya tambaye ni naman mene ne, a shekarar nan ba a tambaya. Bukkar Iya Gaji ce ta ƙarshe. Ta karɓa da hannu biyu, ta dube shi, ta kira jikokinta su zo su gani.

“Kun gani ko? Jiya na ba da tafi ɗaya na gero, yau ga nama har gida. Wa ya ce Allah ba ya karɓa?” Ta juyo gare ni tana murmushi. “Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ba ka mayar da ni ba. 'Yar barewar tana lafiya?”

Na ce, “Ta huta, Iya.”

Ta ce madalla, ta shiga neman itacen hura wuta. Na ɗauki darona na koma, akwai sauran dabbobi da ba su ci na yamma ba.